Yaƙin Alhaji Maharazu da Kirikiri

Allah ya jiƙan Alhaji Maharazu, ya sa kabarinsa ya fi falonsa faɗi. Daga Ƙanƙara har Sabuwa ba a yi mutum kamarsa ba, kuma shi ne ya fara sanar da mu haka. Shi ya fara ɗaura agogo biyu, ɗaya na lokacin gida ɗaya na lokacin Makka, ko da yake ban taɓa ganin ya isa wani wuri a kan lokaci ba. Shi ya fara rataya fanka a zaure tun wuta ba ta iso unguwarsu ba, don kada ta zo ta tarar bai shirya ba. In ya yi atishawa, sai ya dakata ya ga wa ya riga wa cewa yarhamukallahu. Mutum ne mai tawali'u ƙwarai, don ya sha faɗa a bainar jama'a cewa babu wanda ya kai shi tawali'u.

Ni Rabo tela, tare muka tashi a Pauwa. Tare muka yi kiwon awaki, tare aka yi mana kaciya, har ya fi ni kuka amma daga baya ya ce ni ne. Ni na ɗinka masa babbar rigarsa ta farko, ni kuma na ɗinka likkafaninsa. Saboda haka in kun ji ina dariya a nan, ku yi mini uzuri. Kuka ne ya gaji ya sake riga.

A shekarun nan da kuɗin mai suka ɓalle, lokacin da kowane mai jakar hannu ya zama ɗan kwangila, abokina ya sami aikin kwalbatoci a hanyoyin ƙauye. Wata rana ya ɗauke ni rakiya Kaduna, gidan wani babban ma'aikaci, Alhaji Abdulƙarim, wanda takardun aikin ke bi ta hannunsa. Muka tarar da shi zaune a kujera a tsakiyar wani fili kore shar, an aske ciyawar kamar kan ango, yana shan shayi. Maharazu ya gyara hula, ya baza riga, ya nufe shi kai tsaye. Sai maigadi ya daka masa tsawa: "Kai, Alhaji! Ba a taka ciyawa!"

Abokina ya ja da baya. A nan bakin fili ya tsaya cikin rana, a kan tsakuwa, yana ɗaga murya yana gaisuwa, maigida na amsawa daga kujera ba tare da ya ajiye kofi ba. Muka kamo hanyar gida, muka wuce Zariya. Sai da muka kusa Funtuwa ya ce, "Rabo, wallahi sai mutumin nan ya zo gidana ya tsaya bakin ciyawata. Ni kuma in ce, ranka ya daɗe, taka abinka, mu nan ba ma hana baƙo."

Ƙudurin ke nan da ya ci sauran rayuwarsa.

To, ku da kuke karatu kun san yadda muke. A wurinmu ciyawa a tsakar gida alamar kango ce. Gidan da ke da rai shararre ne, ƙasa tas, ko allura ta faɗi ka gan ta. Matarsa Hajiya Suwaibatu kuwa a wajen shara har misali ake yi da ita. Amma babban mutum ba ya bin al'ada, al'ada ke binsa. Ya sa aka farfashe daɓen farfajiyarsa tun daga zaure har ƙarƙashin mangwarori, ya koma Kaduna ya sayo ciyawa faifai-faifai da ƙasarta. A-kori-kura ce ta kawo ta, an lulluɓe ta da barguna don kada rana ta gigita ta, shi yana gaba kusa da direba yana cewa a bi ramuka a hankali.

Gari ya taru kallon amarya. Cikin 'yan kallo har da baffansa, Baba Mani, wanda ya zo cin kasuwa daga Pauwa. Tsoho ya durƙusa, ya tsinko sili ɗaya, ya juya shi a hannu, ya ce, "Maharazu, wagga ai kirikiri ce. Ita muke yaƙa gona tun kakanmu. Da ka yi magana, da na aiko maka amalanke guda kyauta, har in yi maka godiya."

Alhaji ya yi murmushin tausayi, irin wanda likita ke yi wa mara lafiya. Ya ce, "Baba, da girmanka. Kirikiri ita ce wadda ke gonarku. Wannan kakanninta daga Ingila suka taso cikin jirgin ruwa. Ta zauna gidan Rasdan, Baturen mulki, ta ji Turanci, ta ga manyan mutane. Kama da wane ba ta wane. Ai biri ma ya yi kama da mutum."

Baba Mani ya ce, "To, Allah shi ba da sa'a," ya tafi yana waige.

Ciyawa mai asali ba za ta ci abin da talakawa ke ci ba. Alhaji ya aika kasuwar Sheme a kwaso taki, ya kuma gindaya sharaɗi: na manyan bijimai kawai, banda na ramammu. Bijiman nan kuwa babu irin ciyawar da ba su ci ba tsakanin Faskari da dajin yamma, kuma duk abin da suka ci sun aiko da irinsa. Ruwa na sauka, baƙi suka fito. Harƙiya ta leƙo, tsidau ya baje ƙayarsa, wasu ma ko manoma sai sun yi shawara kafin su faɗi sunansu.

Zamanin soja ne, kowa ya saba jin sanarwa a rediyo. Alhaji ya tara leburori da mutanen gida, ya hau dakali, ya juya ya fuskanci fili. Ba da mu yake ba, da ciyawa yake.

"Ni, Alhaji Maharazu, bisa ikon da ke hannuna a wannan gida, ina sanar da duk wani tsiro da ya shigo ba da izini ba, cewa an ba shi wa'adi zuwa Juma'a ya tattara ya fita. Wanda ya ƙi, kada ya kuka da kowa. An rufe iyakoki. Akuya, tunkiya, kaza, duk an soke takardunsu."

Daga ranar aka sa masa Gwamnan Ciyawa. Ya ji, ya kuma ji daɗi, don bai ji ɓangaren ƙarshe sosai ba.

Juma'a ta zo, tsidau bai tafi ba. Bayan an sauko masallaci Alhaji ya jawo abokan kwangila su ga laushin shimfiɗarsa. Ya tuɓe takalmi, ya taka da ƙafa ɗaya, ya tsaya cak. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Na ga ƙwalla ta cika masa ido. Amma namiji ne. Ya ce, "Kun gani? Daɗi har hawaye yake sa mutum." Ni na cire masa ƙayar a ɗaka da allurar ɗinki, yana cizon matashi yana roƙona kada in gaya wa kowa. Ban gaya ba sai yau.

Sai batun ruwa. A gidan Kaduna ya ga ana shayar da ciyawa da yamma, sai ya ƙudura tasa za ta sha safe da rana da yamma, har da damina. 'Yan garuwa suka yi ta safa tsakanin rijiya da gidan, wani lokaci ana ruwan sama suna zuba nasu. Ƙarƙashin mangwarori, inda rana ba ta shiga, ƙasa ta jiƙe ta daskare, gansakuka ta shimfiɗu kore-kore mai santsi. Da farko murna ya yi, ya ce wani sabon samfuri ne ciyawar ta haifa. Sai da wani malamin gona, surukin maƙwabcinsa, ya gaya masa gaskiya: a rage ruwa, a sassabe rassan mangwaro rana ta shiga, a tsattsaga ƙasar ta sha iska, gansakuka za ta tafi da kanta.

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "In rage ruwa? Don gobe a ce a kasuwa Alhaji Maharazu ya kasa biyan 'yan garuwa? Yaro, karatu ka yi, amma ba ka san mulki ba. A ƙara ruwa."

Aka ƙara. Ranar sunan jikansa, jama'a cike da zaure, ya fito cikin shadda mai aiki har ƙasa, yana ɗaga wa mutane hannu, ya bi ta ƙarƙashin mangwaro. Ƙafa ta tafi gabas, hula ta tafi yamma. Gwamna ya zauna daɓas, ya zame a kan gadon baya har gindin tulu.  Daga kwancen ya ɗago kai ya ce, "Kamar yadda nake zato. Matsalar daga ƙasa take. Shugaba na gari sai ya sauko ya duba da kansa."

Washegari ya yanke wa gansakuka hukunci. Tun da ƙazanta ce, a wanke ta. Aka kawo soso da garin sabulu kwali-kwali, leburori suka durƙusa suna cuɗa ƙasa kamar masu yi wa jariri wanka. Kumfa ta cika farfajiya har tana fita ta zaure. Gansakuka ta fito fes, ta ƙara sheƙi. Ciyawar ce ta koma ruwan ɗorawa. Alhaji ya ce kada kowa ya damu, a Ingila yanzu lokacin sanyi ne, ita kuma ba ta manta gida ba.

Duk waɗannan ƙananan yaƙe-yaƙe ne. Babbar abokiyar gaba ta ƙarƙashin katanga ta shigo. Kirikirin lungu, irin ta kowa da kowa, ta ji labarin ruwa da taki, ta miƙo jijiya ta rarrafo, ta cakuɗu da ta Kaduna. Babu mahaluƙin da ke iya rarrabe su. Launi ɗaya, ganye ɗaya, rarrafe ɗaya. Amma Allah ya ba Alhaji ido. Kowace safiya sai a ajiye masa kujera a bakin fili, ya riƙe sanda mai kan azurfa, yana nuni.

"Waccan 'yar ƙauye ce, dubi yadda take tafiya ba tarbiyya. Cire ta. Wannan tawa ce, a bar ta. Waccan kuma munafuka ce, ta yi shigar manya amma na gane ta."

Wadda ya kira 'yar Ingila yau, gobe ita zai kira 'yar lungu a sare ta. Leburori kuwa da fartanya suke datsawa, kuma kowane manomi ya san kirikiri in ka datsa ta gida goma, gida goma za ta kafa. Sun sani sarai, amma wa zai kashe kasuwarsa? Sai filin ya zama kamar kan mai ƙuraje: nan kore, nan ja, nan rami. Wanzami ma an ɗauke shi aiki, yana bin abin da ya rage da almakashi, don injin yankan da Alhaji ya sayo yana falo an rufe shi da leshi, ba a son ya tsufa.

Wata rana muna mu biyu, na ce, "Maharazu, tsakani da Allah, yaya kake gane su?"

Ya ce, "Rabo, mai asali a ido ake gane shi. Kamar ni da kai."

Na fashe da dariya. Shi ma ya yi, irin dariyarmu ta kiwo, har da dukan cinya. Sai ya ji takun wani a zaure, ya haɗiye ta, ya gyara hula.

Ana cikin haka labari ya zo: Alhaji Abdulƙarim zai fito rangadin duba ayyuka tsakanin Faskari da Sabuwa, kuma ya yarda zai tsaya Ƙanƙara ya sha shayi gidan Maharazu. Ban taɓa ganin abokina haka ba. Ya sayo kujerun ƙarfe farare da kofuna masu zanen fure. Ya sa aka ɗebo ciyawa daga inda ta yi kauri aka toshe inda ta yi sanƙo. Ya yi ta maimaita maganarsa a gabana, ni ina matsayin baƙo a bakin fili: "Taka abinka, ranka ya daɗe." Wani lokaci da murmushi, wani lokaci da ɗaga hannu. Tun ana gobe ya tafi Funtuwa tarye, ya bar ni ina ƙarasa masa riga.

Abin da bai sani ba, labarinsa ya daɗe da isa Pauwa, kuma ya isa da irin fahimtar mutanen Pauwa. An ce ciyawa ta ci gidan Maharazu. An ce ya ɗauki leburori sun kasa, ya sa sabulu ya kasa, har ta kayar da shi gaban jama'a. Ga shi kuma babban baƙo na tafe. Baba Mani ya tara dangi ya ce, "Mi ya yi zafi? Muna da rai ɗanmu shi kunyata? Yaro shina jin nauyin roƙo ne. In ciyawa ta fi ƙarfin mutum guda, ai gayya aka sani."

Da hantsi na ji gangar noma daga shago. Na ɗauka makaɗan tarye ne ke gwaji. Da na isa da riga a hannu, na tarar da samarin Pauwa sun jeru kafaɗa da kafaɗa, fartanya na tashi tana sauka, makaɗi na zuga su, ana gasar wa zai riga kai katanga. Mutanen da suka gaji yaƙin kirikiri daga kakanni ba sa tambayar wace ce 'yar Ingila. Na nemi Hajiya Suwaibatu in ji ko ta hana. Ta ce ita mace ce, ina ita ina hana baffan miji. Amma furar da ta dama wa 'yan gayyar nan, tun da nake shiga gidan ban sha mai daɗinta ba.

Kafin la'asar an nome, an kwashe, an share, mata sun yayyafa ruwa sun daɓe. Farfajiya ta fito tas kamar faifai.

Motoci suka tsaya. Alhaji ya fito yana jan baƙonsa da fara'a, yana cewa akwai ɗan abin da yake so ya nuna masa. Suka ratso zaure. Abin da ya tarye su shi ne fararen kujeru a kan jar ƙasa, da Baba Mani tsaye, fartanya a kafaɗa, baki har kunne.

Na matsa kusa da abokina.

Alhaji Abdulƙarim ya dubi wurin, ya ja dogon numfashi. Ya tuɓe takalmi da safa, ya taka ƙasar, ya lumshe ido. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Tsakar gida irin ta mahaifiyata. Alhaji, ka huta wallahi. Ni can gidan gwamnati ne, ba dama in taɓa. Sauro, macizai, ga kuɗin mai yanka. Don Allah a ɗauke kujerun nan a kawo tabarma. Kuma in da fura, a bar shayin."

Maharazu ya kama hannuna ta ƙarƙashin riga ya matse, har na ji ƙashi na ƙara. Sannan ya buɗe baki, muryarsa ko rawa ba ta yi ba.

"Ranka ya daɗe, ni na ba da umarni. Tun ina yaro ba na shiri da ciyawa. Na sha gaya wa mutanen nan, tsafta cikon addini ce. Ai shugabanci sai da hangen nesa."

Baba Mani ya ce, "Ƙwarai kuwa. Mun tara ta bayan gida, awaki na ta godiya."

Baƙo ya sha fura, ya yi hamdala, ya yabi gida, ya yabi dangi masu zumunci, ya tafi. Jama'a suka watse suna cewa Alhaji ya fita kunya. Shi kuwa ya zauna a kan tabarmar, yana kallon inda sawun mutumin ya fito a ƙasa.  Sannan ya ce, "Ya zo, Rabo. Amma bai taka ciyawata ba."

 Na zauna kusa da shi har aka kira magariba.

Kada ku zaci ya saduda. Damina na dawowa jijiyoyin da suka ɓuya a ƙasa suka tofo, ya ce 'yan Ingila ne suka dawo daga gudun hijira, aka sake ajiye kujera, aka sake ɗauko sanda. Haka ya yi ta yi, ruwa da sabulu da shari'a, fili bai taɓa yin kyau ba ko na mako guda, har ciwon da ya kwantar da shi bara ya tafi da shi. Ranar da na je duba shi na ƙarshe, da ƙyar yake magana, amma sai da ya nuna taga ya ce in gaya wa yara waccan ta kusa da tulu ba tamu ba ce.

Bayan takaba Hajiya ta koma wurin 'ya'yanta a Funtuwa, aka kulle gidan. 'Yan garuwa suka daina zuwa. Iska ta karya rassan mangwaro, rana ta shiga. Katanga ta zube ta gefe ɗaya, awakin unguwa suka sami hanya, suna aske ciyawar daidai wa daida, suna biyan ta da taki. Gansakuka ta bushe ta tafi ba wanda ya kore ta. Kirikiri ta rufe ko'ina, ta shaƙe tsidau, ta kwanta luf kamar darduma. Wallahi ko gidan Kaduna bai kai ta ba.

Nakan je da yamma in tsaya a wurin da katangar ta zube. Ba na shiga. Shekaranjiya ina tsaye sai wata mota ta ci burki, wani mai kwat da tabarau ya leƙo, ya daɗe yana kallo. Ya ce shi ma yana fama da tasa ciyawar a gida ta ƙi, don Allah wane gwani ne ke kula da wannan, yana so ya ɗauke shi aiki.

Na share ido da hannun riga, na ce masa, "Babu kowa, ranka ya daɗe. Mai gidan ne ya daina kula da ita."